Lahadin da Jirgin Torleif Bai Tashi Ba

Shekara ashirin da shida ina duba jirgin saman Torleif, ɗan ƙarami mai kujera biyu, wanda ya girmi 'yata ta fari. Ni bakanike ne, kuma daɗin ƙarar inji ba ya ruɗa ni. Duk sanda na canja mai, sai na yanka matatar na warware takardar cikinta a hasken taga. Ranar wata Alhamis na ga abin da ba na son gani: burbushin ƙarfe yana ƙyalli kamar an barbaɗa gishiri.

"Injinka yana cin kansa," na ce masa.

"Kai dai Eilif, idonka ne ya tsufa. Jiya ma kamar agogo ya yi ta bugawa."

"Agogo in ya tsaya girgiza shi ake yi. Wannan in ya tsaya, teku ce a ƙarƙashinka. Ba zan sa hannu a takardar izinin tashi ba."

"Minti goma sha biyu ne fa kacal."

Na san ko minti nawa ne. Shekara biyu ke nan matarsa Gunvor tana gidan kula da tsofaffi a tsallaken ruwa. Ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta, har in ya shiga ɗakinta sai ta gaishe shi kamar mai gyaran famfo. Amma duk Lahadi da ƙarfe biyu yakan bi ta saman gidan ya karkata fukafukai sau biyu, yadda ya saba yi mata tun farkon aurensu. Masu jinya sun ce tun kafin a hango jirgin take miƙewa ta nufi taga. Ƙarar injin nan kaɗai ta rage mata daga cikinsa.

Sabon inji kuwa sai bayan wata biyar. Ya roƙe ni, ya zage ni, ya ce ni da dutse uwarmu ɗaya. Tausayinsa ya kama ni sosai, amma tausayi ba ya riƙe jirgi a sama. Na kulle rumfar ajiye jirgin na jefa makullin a aljihu.

Ranar Lahadi na ɗauke shi a motata muka haye a jirgin fito. Yana riƙe da ƙunshin waina da cukun da take so. Muka tarar da ita a kujera gaban taga, an taje mata gashi.

"Sannunku," ta ce. "Ku zauna, amma kada ku tare mini taga. Mijina zai wuce."

Torleif ya ajiye ƙunshin a hankali. "Anya yau zai zo? Na ji an ce jirginsa ba lafiya."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Bawan Allah, ba ka san shi ba ne. Bai taɓa saɓa mini ba."

Biyu ta yi, ta gota. Ba komai a sama sai tsuntsayen teku. Gunvor ta matsa har goshinta ya taɓa gilashi.

"Kunnena ya yi nauyi," ta ce masa. "Don Allah ka taya ni saurare."

"To," in ji Torleif.

Ya jawo kujera kusa da ita, ya zauna, suka zuba wa sama ido su biyu suna jiran sa. Ni kuwa na fita waje, hannuna a aljihu, a kan makullin.