Nynke Ma Ta Je Ƙasar Waje

Ranar zagayowar haihuwar tsohuwa, mahaifiyar Wietske, an jera kujeru an yi da'ira a falo kamar kowace shekara. Wietske ta shigo da 'yarta Nynke, ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya tana taya su murnar haihuwar da ba tasu ba, yadda al'adar ƙasarsu ta tanada, ta karɓi kofi da yankan kek, ta zauna. Sai idonta ya sauka kan tebur. Madubin hangen nesan Baba ne, an goge shi sai sheƙi yake yi.

Baba, marigayi mahaifinta, ma'aikacin jirgin ruwa ne, da madubin nan ya zaga duniya. Tun rasuwarsa tsohuwa take cewa jikan da ya gado shi a son ganin duniya za ta ba wa. Jikokin kuwa biyu ne. Wietske tun tana yarinya take maitar abin nan, ko taɓawa ba a barinta ta yi. Ta riga ta share masa wuri a tagar ɗakin Nynke.

Ga ƙanwarta Baukje can kusa da tsohuwa. Tun da Baukje ta auri likitan haƙori ta daina zuwa hutu, sai dai tafiyar ilimi. Shekaranjiya suka dawo daga Masar da ɗanta Floris.

"Yaya, kin ga yadda rana ta yi masa kyau?"

"Na gani. Na ɗauka a tanda kika manta shi."

Baukje ta yi dariyar nan tata ta matar likita, wadda ake nuna haƙora duka. Ta juya ga jama'a. "Malamarsu ta ce abin da ya koyo ya fi karatun zango guda. Tarihi, a gaban dala. Lissafi, da ƙafarsa ya auna inuwarta. Kimiyya kuma..."

"Gudawa," in ji Floris. "A banɗaki na ƙare."

"Ƙwayoyin cuta, Floris. Ƙwayoyin cuta ka koya. Yi wa Kaka godiya da Larabci."

"Shukran."

Falo ya ɗauki "kai, kai, kai". Gwaggo Sjoukje har da tafi. Wietske ta kurɓi kofi. A kwashi yaro a jirgin sama har wata nahiya, ya dawo da kalma ɗaya da ɓacin ciki, a ce ilimi.

Sai tsohuwa ta ce, "Maigida, ka ga mashigin ruwan Suez kuwa?"

"Na gani, Kaka. Daga nesa ba a ganin ruwan. Sai ki ga ƙaton jirgi yana tafiya cikin yashi shi kaɗai."

Tsohuwa ta gyaɗa kai. "Haka kakanku yake faɗa," ta ce a hankali. Hannunta ya fara tafiya wajen tebur.

Wietske ta ajiye kofinta. Wannan ba haddar uwarsa ba ce, ɗan banzan yaron da idonsa ya gani.

"Nynke ma ta je ƙasar waje," ta ce, da ƙarfin da ya sa cokula suka tsaya.

Nynke ta ɗago, bakinta cike da kek. "Yaushe?"

"Faransa mana! Hutun bazara."

"Wurin tantunan nan? Faransa ce?"

Sun je, ba ƙarya. Sun je yadda kowa yake zuwa: ɗaki mai taya ɗaure a bayan mota, buhun dankali daga gida, cuku daga gida, garin kofi daga gida, don ba a san abin da mutanen can suke ci ba. Mai filin tantunan ɗan ƙasarsu ne, mutumin garin Zwolle. Maƙwabtan dama 'yan gida, na hagu 'yan gida. Bafaranshe ɗaya suka gani, mai yankan ciyawa, shi ma da harshensu ya gaishe su.

"Faɗa wa Kaka abin da kika koyo," in ji Wietske, tana murmushi tana taka ƙafar yarinyar.

"Tsayuwa da hannu cikin ruwa. Wata 'yar nan ƙasarmu ce, daga Drachten, ta koya min."

"Duwatsun da na nuna miki a hanya fa?"

"Barci nake yi, Mama."

"To Faransanci. Ko kalma ɗaya."

Nynke ta yi tunani sosai. "Akwai wadda Baba ya faɗa da taya ta fashe."

"Wannan ba Faransanci ba ne," in ji mijin Wietske. Maganarsa ta farko ke nan tun zuwansu, ya kuma koma kan kofinsa.

Baukje ta dafa gwiwar yayarta, fuska cike da tausayi. "Haba Yaya, kowane yaro da baiwarsa. Tsayuwa da hannu ma ai darasin motsa jiki ne."

Da zagi ne da ya fi sauƙin haɗiya.

Tsohuwa ta ɗauki madubin ta rataya wa Floris a wuya. Ya kafa shi a ido ta baibai, ya ce kowa ya zama ɗan mitsitsi. Baukje ta ce wannan kimiyyar haske ce. Aka sake tafi. Wietske ma ta tafa, sau biyu, hannu a sanyaye. Nynke kuwa ta je ta tsaya kusa da shi tana roƙon ya ara mata, ya ce sai ta wanke hannu.

Ba su jira a kawo abinci ba. A ƙofar gida Wietske ta kwance keke kamar da shi suke faɗa. Da suka kai bakin titi ta waiga. Floris yana tagar bene, madubin a idonsa, wannan karon ta daidai, ya saita su.

Ta miƙe baya, ta ɗaga haɓa, ta taka keke kamar mai zuwa wani wuri mai muhimmanci.

"Kada ki ɗaga masa hannu."

Nynke, da ke goye a baya, ta riga ta ɗaga, duka biyun, keken yana tangal-tangal.