Mota Mai Linzami

Lemuel Stroud ya tsufa yana ƙera keken doki a wani ƙaramin gari na jihar Indiana, sai a shekarar 1902 ya goge allon shagonsa ya rubuta Kamfanin Motoci na Stroud. Kamfanin kuwa shi ne da mota ɗaya tal. Da ya ji manoma na tsoron sitiyari, sai ya sa wa tasa linzami: ka ja dama ta yi dama, ka ja duka biyu ta tsaya. Har wurin soke bulala ya yi mata, ko wa za a zane oho.

Ba wanda ya taya. Saura Likita Pettibone, wanda duk abin da ya hau shi garin ke hawa. In ya ƙi, Lemuel ya koma maƙerin keken doki har ya mutu, sunan da ya tsana ke nan.

"Likita, duk abin da goɗiyarka take yi wannan za ta yi, ga shi ba ta cin hatsi."

"Duka, Lem?"

"Duka!"

Likita ya karɓa don gwaji, ya tafi duba wata mai jego a bayan gari. Lemuel ya sa kwat ɗin zuwa coci ya tsaya bakin shago. Da yamma sai ga motar tafe, alfadarin wani manomi na jan ta, taɓo har kujera, likita a kai jiƙe sharkaf.

"Me ya faru, Likita?"

"Abinci suka cika ni da shi. Na saki linzami, na rufe fuska da hula, na yi barcina kamar kullum. Goɗiyata har ƙofar gida take kai ni. Taka kuwa kududdufin agwagi ta kai ni."

"Ai mota ce! Ina ta san gidanka?"

"Kai ka ce duka." Likita ya matse hularsa. "Amma kujerar nan, Lem, ban taɓa barci a kan irinta ba. Na saya."

Daɗi ya kama Lemuel.

"Sai dai ka cire min ƙarfen nan mai tari, ka sa sanduna biyu a gaba. Goɗiya za ta ja."

Da hannunsa ya kwance injin, baƙin ciki kamar ya kashe shi. Kafin wata ya ƙare manoma sun yi layi a ƙofarsa, kowa irin ta likita yake so.