Maganar Bawa ta Ƙarshe

Haggai mai bishara bai gama fitowa daga ɗakin ba, 'ya'yan Bawa biyu suka tare shi a gindin rumbu. Da hantsi mahaifinsu ya cika, kuma Haggai kaɗai ke zaune kusa da shi.

"Baba, me ya ce?" in ji Larai, babbar, wadda ba ta fashin zumuntar mata a coci. "Ya karɓi Yesu ko?"

Ƙanwarta Munira, wadda ta musulunta ta yi aure a Danko, ta goge ido da bakin hijabi. "Baba Haggai, don Allah, bai yi shahada ba?"

Kowacce so take a binne shi a kan addininta, kuma dukansu sun san abin da Haggai ya faɗa shi za a bi, don kaf Zuru ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

Kai, zama da daɗewa! Tare suka yi golmo da Bawa, noman nan na shekara bakwai da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata. Garma kusa da garma, tuwo a ƙwarya ɗaya. Daga baya Haggai ya tafi makarantar Baibul, Bawa ya tsaya kan al'adar kakanninsa. Shekara arba'in Haggai na tsallake danga yana masa wa'azi, shekara arba'in Bawa na dariya yana cewa:

"Kai da ko kunyar gona ba ka iya miƙewa, kai za ka nuna mini hanyar sama?"

Amma Bawan ne ya yanko ciyawar da aka fara rufe cocin unguwa da ita. Da aka zo ginin masallaci kuma, shi ya kwaɓa ƙasa.

Haggai ya dubi Larai, zuciyarsa ta karye. Kalma ɗaya ce fa. Ya ce "i", a buga ƙararrawa, a kwantar da abokinsa inda shi ma zai kwanta. Wa ya ji, wa ya gani? Abin da ya yi ta roƙo ke nan tun gashinsa na baƙi.

"Ya yi magana," ya ce a hankali. "Cewa ya yi, 'Dawar gindin dutse saura layi uku ban huɗe ba. Kada ka bar mini ita.'"

"Shi ke nan?" in ji Munira.

"Sai kuma ya ce in daure in miƙe su."

Larai ta fashe da kuka. "To Baba, ina za shi?"

"Wannan ba a sanar da ni ba, 'yata. An aiko ni in faɗa masa, na faɗa. Saura yana hannun Wanda ya yi shi."

Tsofaffin dangi suka binne Bawa yadda aka binne ubansa. Larai da Munira na tsaye kafaɗa da kafaɗa, kowacce na addu'arta a ciki.

Washegari da safe aka hango Haggai a gindin dutse da garmar Bawa. Ya kai ƙarshen layin farko, ya dafa ƙugu, ya waiwaya. A karkace yake. Ya ɗan tsaya kamar mai jiran a yi masa dariya, sannan ya koma ya sake shi daga fari.