Jitar da Lilian Ta Saya wa Babanta

Shekara talatin da ɗaya Istifanus ya yi yana kaɗa jitar bes a cocinsu da ke Yelwa. Malamin firamare ne, ya kusa ritaya, ba shi da yawan magana. Ko a coci can bayan mai ganga yake tsayawa, ba mai lura da shi sai ranar da bai zo ba, a ji waƙa ta yi salam kamar miyar da ba daddawa.

Jitarsa tsohuwa ce, ja, mai tsirkiya huɗu, wani fasto ya zo da ita daga Jos tun Istifanus yana saurayi. Nauyi gare ta kamar turmi, ga kanta kullum yana rinjaya ƙasa, sai ya riƙa tallafe wuyan da hannun da yake danna tsirkiya da shi. Da girma ya fara kamawa, kafaɗar hagu ta ce ba ta san zancen ba. Duk Lahadi in sun dawo sai matarsa Cecilia ta gasa masa ita da ruwan zafi.

'Yarsu ta fari, Lilian, ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti cikin gari. Wata Asabar ta ɗauko sikelinta, ta hau rungume da jitar, ta sauka, ta sake hawa ita kaɗai.

"Kilo biyar da rabi, Baba. Jaririn wata biyu ke nan kake ratayawa a kafaɗa ɗaya har awa uku."

Ta nuna masa hoton wata jita a wayarta. Ya gyara tabarau, ya duba da kyau.

"Wannan kuma wa ya sare mata kai?"

"Haka ake ƙera ta. An mayar da abin ɗaure tsirkiyar ƙasa, don kada ta yi nauyi."

"Ni zan tsaya gaban jama'a da kazar da aka yanka? Bar ni da tsohuwata."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, shi kuma ya ɗauka ta wuce.

A watan Fabrairu Lilian ta kamu da zazzaɓin Lassa daga wani majinyaci da ta kula da shi. Kwana tara ta yi. Ba a bar iyayenta sun shiga ɗakin ba, ta gilashin taga suke hango ta. Ranar da ta rasu ma'aikatan lafiya ne suka shirya ta, su suka saka ta a rami, sanye da fararen kaya har fuska. Cecilia ta roƙa a bar ta ta taɓa ko ƙafar 'yarta, aka ba ta haƙuri.

Wayar Lilian a gida ta bar ta ranar da za a kwantar da ita, Cecilia kuma ba ta daina saka ta a caji ba. Bayan mako uku, da rana tsaka, wayar ta yi ƙara. Wani saurayi ne daga kamfanin kai saƙo, yana tambaya ko da Lilian Istifanus yake magana, kayanta sun iso. Cecilia ta miƙa wa mijinta wayar.

Dogon kwali ne. Da ganin hoton da ke jikinsa Istifanus ya gane. Ya jingine shi bayan ƙofa, ya yi kwana goma bai buɗe ba. Tun rasuwar dama bai ƙara hawa wurin mawaƙa ba.

Ranar ta sha ɗaya ya tari keke, ya kai kwalin can unguwar Wunti wurin Mansir, mai gyaran amfilifaya da sifiku. Masallatai da coci-coci duk shagonsa suke kai kaya, kuma shi ke duba wa Istifanus tsohuwar jitarsa sama da shekara ashirin. Har gida ya je gaisuwa lokacin rasuwar.

"Malam Mansir, ka samo mini wanda zai ɗauke wannan. Ba na son ganinta a gidana."

Da Mansir ya ji inda ta fito, ya jawo masa benci.

"To, Malam. Amma ba na ba wa mutum kayan da ban gwada ba. Zauna mu gani."

Ya yanke salatif, ya zaro jakar da ke cikin kwalin, ya zuge ta. Jitar baƙa ce mai ratsin itace, tsirkiya biyar, wuyanta ya ƙare a guntule a inda ya kamata kai ya fara. Istifanus ya jawo kwalin ya zazzage shi, ya laluba aljihunan jakar ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan makullan ɗaure noti uku ya samu, da takardar kamfani, da wani faffaɗan maɗauri mai soso a ciki. Ba wasiƙa, ba rubutun hannu. Daga masana'anta aka naɗo ta, Lilian ko ganinta ba ta yi ba.

Mansir ya ɗaga jitar ya saita ido a kan wuyan, kamar kafinta yana duba katako.

"Miƙe yake sambal. Duba inda wuya ya haɗu da jiki, ko reza ba za ta shiga ba." Ya bi gefen wuyan da yatsa, yana taɓa bakin ƙarafan da ke gicciye. "Sun goge su, ba wanda zai yanke ka. Masu arha nan suke ha'inci. Wannan yarinya ta yi bincike kafin ta saya."

Ya buɗe wani murfi a baya ya duba batir, ya murɗa ƙananan notikan da ke can ƙasa inda ake ɗaure tsirkiya. Ya ce suna da ɗan tauri, ya ɗiga musu mai. Sannan ya jona jitar da wata amfilifaya da ya gama gyarawa, ya maƙala maɗaurin.

"Ni lantarki na sani, kiɗa naku ne. Tashi ka rataya, minti ɗaya."

Istifanus bai so ba, amma ya ji nauyin Mansir. Ya rataya. Sai ya kai hannu ya shafa maɗaurin don ya tabbatar ya zauna, saboda bai ji komai ya danne shi ba. Ya saki hannuwa biyu. Wuyan ya tsaya inda ya bar shi, bai sunkuya ba.

Da ya danna tsirkiya sai ga sautin da ba shi ya nema ba. Ya sake, ya sake kuskurewa. Shekara talatin idonsa da kan jita yake auna inda hannu zai sauka, yanzu babu kan, hannun sai ya zarce gaba. Ya rufe ido ya bar yatsun su nemi hanya da kansu. Tsirkiyoyin sun kwanta kusa da itace, taɓawa kaɗan ta isa, wuyan kuma siriri ne, tafinsa ya zagaye shi ba wahala.

Ya ja tsirkiya ta biyar, mai kaurin, wadda tsohuwarsa ba ta da ita. Sautin ya fito daga can ƙasa, mai zurfi amma a tattare, ba ya yaɗuwa kamar na tsohuwar da ke gurnani. Kusoshin da ke cikin wani gwangwani a kan teburin Mansir suka hau rawa. Sautin ya daɗe bai mutu ba. Telan da ke shagon kusa ya tsayar da kekensa ya leƙo.

Istifanus ya kaɗa layi biyu na wata waƙa da Lilian ke ja musu tun tana ƙungiyar matasa. A na uku ya tsaya, ya zauna a benci da jitar a ƙirjinsa, ya yi kukan da bai yi ba a makabarta. Mansir ya kashe amfilifaya, ya saki labulen shago, ya fita waje ya tsaya yana sallamar masu zuwa.

Da ya dawo ya mayar da jitar cikin jaka da kansa.

"Malam, ba ni da mai ɗaukar wannan. Ko ina da shi ba zan ba shi ba. Allah ya ba ku haƙuri."

Mako biyu Istifanus yana koyonta a ɗaki ba tare da ya jona ta ba, don kada Cecilia ta ji. Lahadi ta uku ya fita da ita. Matasa suka kewaye shi suna ɗaukar hoto, mai ganga yana tambaya ina kan ya tafi. Da aka fara sujada mai piyano ya waiwayo ya ɗaga masa babban yatsa. Kowace danna tana fita daban, har a bencin baya ana jin ta a ƙirji.

Ana tsakiyar waƙa ta uku ya hango Cecilia ta tashi daga cikin zumuntar mata ta fita. Bai iya ajiye kiɗa ya bi ta ba. Sai da aka tashi ya same ta a bayan coci, zaune a kan wani bulo, ta cire ɗankwali ta riƙe a hannu.

"Maman Lilian, in ba ki so, ba zan ƙara fitowa da ita ba."

"Wa ya ce ba na so?" Ta share fuska. "Daɗinta ne ya yi yawa. Ina ta juyawa in ga ko Lilian tana jin yadda ta iya zaɓe."

Ya zauna kusa da ita a ƙasa, da kayan cocinsa. Mutane suna wucewa suna gaishe su a hankali, ba mai tsayawa.

Daga ranar ya ci gaba da kaɗa ta duk Lahadi har ya yi ritaya, da bayan nan. Cecilia ta roƙi shugabar zumunta a sauya mata wurin zama, aka ba ta kujerar ƙarshe ta bakin ƙofa. Wani makon takan zauna har a tashi, wani makon ba ta kai waƙa ta biyu.