Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya na Baba

Ta ja kusurwar bidiyon don ya cika allon kwamfutar, sai fuskar Baba ta watse. Hanci ya narke cikin kumatu, idanu suka koma ɗigo biyu. Ta saki, fuskar ta koma 'yar mitsitsiya a tsakiyar baƙin allo, kamar kwalin ashana a kan tabarma.

Injiniya 'yan gidansu ke ce mata, don tsokana, tun da ta buɗe shagon haɗa bidiyo a saman kantin mai gyaran agogo. Gobe da safe autarsu za ta tafi aiki wata ƙasa mai nisa, yau da yamma kuma za a taru a falo a nuna mata faifan bankwana. Kowa ya turo nasa. Na yayansu da sabuwar waya aka ɗauka, har gashin gira ana iya ƙirgawa. Na Goggo a tsaye yake, siriri, rabinsa yatsanta ne. Duk ta daidaita su tun hantsi. Saura guda, wanda aka ciro daga tsohuwar wayar Mama: daƙiƙa goma sha ɗaya, Baba yana cilla Auta sama yana cafewa. Shekarar Auta biyu ya rasu, kuma shi ba mai son hoto ba ne. Wannan ne kaɗai.

Ta bar shi yana ta maimaita kansa. Fanka na juyawa a hankali, agogunan ƙasa na ta ƙas-ƙas, kowanne da lokacinsa. Hasken azahar ya ratso labule ya kwanta a kan teburin. Ba ta san sa'ad da ta shige barandar tsohon gidansu ba. Ga igiyar shanya tana lilo, ga ƙamshin sabulun askin Baba. Jaririyar ta tashi sama, ta daɗe a can kamar ba za ta sauko ba, hannuwan nan biyu a buɗe suna jira.

Ƙarar waya ta dawo da ita. Yaya ne.

"Injiniya, ina aka kwana? Kin gyara na Baba?"

"Ba ya gyaruwa, Yaya. Ƙarami ne. In na ja shi, fashewa yake."

"Haba! Ba akwai manhajar da ke wanke tsohon hoto ba? Kada ki sa yarinyar nan ta tafi ba ta san fuskar ubanta ba."

Maganar ta soke ta. Ta zuba bidiyon a manhajar, ta zauna tana kallon layin yana cika. Da ya gama, sai ga mutum tangaran: fata sumul, haƙora jere, idanu na ƙyalli. Ta daɗe tana kallonsa. Shekara goma sha biyu gare ta lokacin rasuwar, amma yanzu ta rasa tabbacin komai. Wataƙila haka yake, ita ce ta manta.

Tana cikin haka ta ji takun Mama a matakala, ɗaya bayan ɗaya, da hutu a tsakani.

"Wannan bene naki sai ya ga bayana," in ji Mama, ta zube a kujera tana fifita da gefen mayafi. "Nuna min abin da kuke ta ƙus-ƙus a kai."

Injiniya ta kunna wankakken. Mama ta matso, ta karkata kai.

"Tubarkalla. Wannan kyakkyawan fa, mijin wace ce?"

"Mama, Baba ne."

"Uban wa? Da haka mijina yake ai da ban yi barci ba don gadi. Ina wushiryarsa? Ina karkataccen hancin nan da yayanki ya gada?" Ta yi dariya, dariyar ta tsinke a tsakiya. "Cire min baƙon nan daga jikin 'yata."

Injiniya ta cire shi, ta mayar da na asali. Mama ta kai yatsa kusa da allon, ba ta taɓa ba.

"Yauwa. Ga shi nan."

"Amma kin ga yadda yake a cikin sauran. Kowa fes, shi kaɗai dishi-dishi, kamar ya leƙo ta ramin makulli."

"To, in shi ba zai iya hawowa ba, ku ba ku iya sauka?"

Injiniya ta dube ta. Sannan ta buɗe saitin aikin, ta rage girman faifan gaba ɗaya zuwa na tsohuwar wayar. Ta san Yaya zai yi ta mita har a watse. Ta kunna daga farko.

Yaya ya fito, gefen fuskarsa ya yi laushi. Goggo ta wuce kamar cikin ruwa. Auta ta yau, da jakar tafiyarta, ta ɗaga hannu, hoton ya narke, sai ga ta a sama, hannuwa biyu na jiranta. Babu inda aka ga gaɓa. Kai ka ce rana ɗaya aka ɗauke su, a baranda ɗaya.

"Bai yi duhu da yawa ba?" ta tambaya a hankali.

Mama ba ta ɗauke ido daga allon ba.

"Ni da ma, 'yar nan, da idanun nan nawa, shekara uku ke nan haka nake ganinku duka. Sake kunnawa."