Farin Haske a Jirgin Kawu Shui

Kowa a mashigin jiragen ruwa na Cheung Chau ya san rantsuwar Kawu Shui, domin a shagon shayi ya yi ta, da babbar murya, bakinsa cike da kunun shinkafa. Lokacin da masu kwana a jirage suka fara cire tsofaffin ƙwayayen fitila suna sa na zamani, waɗanda ake ce wa LED, cewa ya yi irin hasken da ake duba gawa da shi ne a asibiti.

"Ranar da kuka ga farin haske a jirgina," in ji shi, "ku zo ku ɗauki gawata."

Bai tsaya nan ba. Duk wanda ya canza sai ya sha ba'arsa, musamman Lai Fo-kan, maƙwabcinsa na ruwa, wanda ya raɗa wa suna Mai Gadin Mutuware.

Abin da bai faɗa a shagon shayi ba shi ne idonsa ya fara gajiya. Cikin jan hasken nan na dā ba ya ganin ƙaya a jikin kifi, har wata ta maƙale masa a wuya, likita ya ciro ta yana dariya. Ga batir da ke mutuwa tun ba a gama cin abinci ba. Saboda haka ya ja hula har gira, ya haye can Kowloon inda ba wanda ya san shi, ya sayo ƙwayayen ya ɓoye cikin buhun busasshen kifi. Da matarsa Tai-mui ta ce za ta wuni gidan ƙanwarta a birni, har bakin jirgin fito ya raka ta, abin da bai taɓa yi ba.

Aikin bai zo masa da sauƙi ba. Gishirin teku ya cinye gindin tsofaffin ƙwayayen, tsatsa ta riƙe su, ɗaya ma ya fashe masa a hannu. Sabon da ya fara sawa ya ƙi kamawa. Ya zage shi, ya zagi wanda ya ƙera shi, sannan ya gane ashe 'yan banzan suna da gaba da baya, sai an juya su. Rana na shirin faɗuwa ya gama, ya danna makunni.

Sai da ya ja da baya. Ashe haka ɗakin yake! Fumfuna ta yi taswira a rufi, maiƙo ya daskare bayan murhu, wani kyankyaso na tsaye kan allon Uwar Teku, wadda masunta ke bauta wa, yana kallonsa kamar shi ne mai jirgin. Amma fa yana ganin komai, har layukan tafin hannunsa.

Can ya tuna da tagogi. Hasken na fita ta cikinsu yana kwanciya kan ruwa, fari har da shuɗi-shuɗi. Da sauri ya fizgo abin da hannunsa ya fara kaiwa, ya yaga biyu, ya ɗaure a tagogin. Farin zanin gadon Tai-mui ne. Mutumin da ya halarci jana'izar rabin mashigin nan, ko kusa bai kawo a ransa cewa farin ƙyalle a jikin jirgi alamar mutuwa ne ba. Tunaninsa na kan Fo-kan.

Yana mayar da murfin fitila ta ƙarshe sai notin ya suɓuce, ya bi tsagar daɓe ya faɗa ƙasa. Ya tuɓe silifas, ya ɗaga murfin ramin da ke tsakar ɗakin, ya sauka cikin igiyoyi da warin man inji yana lalube. A nan ya ji kwale-kwale ya gogi jikin jirgin, mace ta ƙwala ihu.

"Wayyo Kawu Shui! Ka tafi ba sallama!"

Goggo ta Uku ce, mai sayar da jatan-lande, wadda ba a taɓa yin mutuwa a mashigin ba ta riga kowa zuwa ba. Kawu Shui ya jawo murfin ya rufe kansa. Za su ga ba kowa su tafi, haka ya gaya wa kansa.

Ba su tafi ba. Ta tsagar katako ya riƙa ganin ƙafafu suna ƙaruwa.

"Ina gawar?" wani ya tambaya.

"An wuce da ita asibiti mana," in ji Goggo ta Uku. "Da idona na ga Tai-mui ta shiga jirgin safe da kayanta masu kyau. Na ce lafiya kuwa? Baiwar Allah, ita kaɗai ta sha wahalarta."

"Amma fa ta yi sauri," in ji muryar Fo-kan. "Jikinsa bai gama sanyi ba ta sa fitilu."

"Kai ma da kai ne ka zauna cikin duhu tun kuruciyarka saboda taurin kan wani, da sai ka jira?" in ji Goggo ta Uku.

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin ta gidan makoki. Wani ya buɗe tukunyar shayinsa ya fara zuba wa mutane. Kawu Shui ya ciji leɓe. In ya fito yanzu, sai ya faɗi wanda ya sa fitilun. Ya gyara zama kan igiya.

Yana nan ƙafarsa ta fara sagewa Tai-mui ta dawo. Ya ji mata sun yi kanta da kuka, ya ji ledar hannunta ta faɗi, lemo ya gangara kan daɓe har ɗaya ya tsaya saitin idonsa. Ta kira sunansa, sunansa na gaskiya, Kam-shui, da wata murya da bai taɓa jin ta da ita ba. Nan kam saura kaɗan ya tura murfin.

Ya ga tana bin ɗakin da kallo. Ta dubi zanin gadonta da ɗaurin da ke jikinsa, irin na mijinta, ta dubi kwalayen ƙwayayen da ke warin kifi, ta dubi silifas ɗinsa a jere bakin rami. Ta sunkuya kamar za ta ɗauki lemon, idonta ya faɗa cikin nasa ta tsagar. Ta share hawayenta da bayan hannu, ta jawo kujera, ta ɗora kan murfin, ta zauna.

"Na gode da zuwanku," ta ce. "Ku taimake ni, kowa ya faɗi alherinsa ɗaya, ko na ji sanyi a raina."

Ba a taɓa yin shiru irin wannan a jirgin ba. Har ƙarar ruwa a jikin katako ana ji.

"To," in ji wani dattijo bayan ya yi tari, "ya iya ɗaure igiya."

"Ba ya maye da safe," in ji wata.

"Muryarsa na kaiwa nesa," in ji Goggo ta Uku. "Ko ana hazo ka san inda gaɓa take."

Shi ke nan, alheri ya ƙare. Kawu Shui ya yi ta jira a ambaci shekarar babbar guguwa da ya jawo jirage biyu zuwa tudu. Ba wanda ya tuna, ko kuma sun tuna amma sun gaji da jin labarin daga bakinsa.

Fo-kan ya matso, ya sassauta murya. "Yaya Mui, ba yau ya kamata in yi wannan magana ba. Amma ke yanzu ai tudu za ki koma wajen 'yarki. Wannan maɗaurin jirgin kuwa, kusa da matakalar gaɓa, iska ba ta taɓa shi. Kada baƙo ya zo ya shige. Ni da marigayi kamar wa da ƙane muke."

A nan uban Kawu Shui ya ɗaure jirgi, a nan aka haife shi. Kuma a mashigin nan maɗauri ba shi da takarda, na wanda igiyarsa ke jiki ne. In aka kwance taka aka ɗaura ta wani a gaban jama'a, magana ta ƙare.

"Me zai hana yau ɗin?" in ji Tai-mui. "Ga mutane, sai su taya ka turawa. Je ka kwance."

Ya ji takun Fo-kan ya nufi goshin jirgi, da saurin da bai dace da mai baƙin ciki ba. Kawu Shui ya dunƙule hannu ya naushi murfin.

Goggo ta Uku ta yi tsalle ta faɗa jikin murhu. Wani ya fara kiran Uwar Teku. Tai-mui ko motsi ba ta yi ba.

"Wane ne?"

"Ni ne! Tashi min daga kai, tsohuwa!"

"Kai wa? Mijina ya ce ba a ganin farin haske a jirginsa sai ya mutu. Ga haske kuwa. Ko ƙarya yake yi?"

"Fo-kan, ka taɓa igiyar nan sai na karya maka hannu!"

"Fatalwa ba ta da maɗauri," in ji Tai-mui. "In kai mai rai ne, wa ya sa fitilun nan?"

Ya ji igiyar ta yi ƙara a jikin turke.

"Ni na sa," ya ce.

"Goggo ta Uku kunnenta ya yi nauyi."

"Ni na sa su! Da hannuna! Ba na ganin ƙayar kifi!"

Ta janye kujerar. Ya fito da baƙin mai har gwiwa da yanar gizo a ka, farin hasken bai ɓoye masa komai ba. Masu makoki suka tsaya suna kallonsa, kuma ya lura ba duka fuskokin ne suka yi murna ba. Fo-kan ya leƙo daga ƙofa da bakin igiya a hannu.

"Duba ta kawai nake yi, Yaya Shui. Ta ɗan saki."

"Mayar!"

Tun da sun shigo da niyyar makoki, ba su yarda su koma jiragensu da wannan nauyin ba sai da, bisa al'adarsu, aka ba kowa alewa ya tsotsa, aka sauke farin ƙyallen, aka ɗaura ja mai kawo sa'a. Goggo ta Uku ta tafi tana ƙorafin kukan da ta yi a banza. Dariyarsu na tafe kan ruwa daga kwale-kwale zuwa kwale-kwale, ya san kafin shayin safe ta kai ƙarshen mashigin.

Da suka rage su biyu, ya miƙa hannu zai kashe fitilar. Tai-mui ta buge hannun.

"Bar ta, tsoho. Tun da na aure ka ban taɓa ganin kunya a fuskarka ba. Bari in gan ta da kyau."