Kason Bao

Ranar da Bao, karen gidan, ya jawo tukunyar romo daga kan kantar kicin, Rabi tana ɗakinta a saman bene tana fama da rubutun digirinta na uku. Ta ji faɗuwar ƙarfe, ta ji kukan kare, sai kuma shiru, kuma shirun ne ya sauko da ita a guje ba ko takalmi. Ta tarar da Anti Mei, mai gidan da take haya a unguwar Sri Petaling, can ƙasar da ta je karatu, zaune daɓas a tsakiyar kicin cikin romon kaza. Da hannu ɗaya tana riƙe da ƙafarta da ta ƙone, da ɗaya hannun kuwa tana lallashin mai laifin.

Anti Mei tsohuwa ce daga cikin Sinawan ƙasar, gajera, mai faɗan tsiya da kyauta kamar ba ta so. Bara mijinta ya rasu. Ɗanta Leong, da yake aiki ya yi masa yawa, sai ya kawo mata ɗan kwikwiyo ya ce ya riƙa ɗebe mata kewa. Kwikwiyon ya ɗebe kewar, amma bai tsaya a kwikwiyo ba. Kafin a farga ya miƙe ya zama zangarere, duk ƙafa ne da kunne, ba hankali ko na sisi. Da ya ji motsin wuƙa a kan katako sai ka ga ƙafafunsa biyu a kan kanta.

Da yamma Leong ya zo ya duba ƙafar mahaifiyarsa, ya dubi karen, ya yanke hukunci a tsaye, ko mukullin mota bai ajiye ba. Ya ce daren jajiberin Sabuwar Shekararsu, da dangi za su taru cin abinci, zai gwada Bao da kansa. In ya ɗora ƙafa a kanta, to a daren zai tafi da shi gonar kwakwar manja ta wani abokinsa, a ɗaure shi da sarƙa ya yi gadi.

Anti Mei da take iya yi wa mai kifi faɗa tun daga kasuwa har gida, sai kawai ta jawo Bao jikinta. Rabi ta ga yadda ta sa yatsu a cikin gashin wuyan karen ta damƙe, sai tausayi ya kama ta.

Rabi dai ba ta taɓa taɓa Bao ba. Tukwanenta daban, kwandon kwanukanta daban, in ta sauko ya nufo ta sai ta tattare zane ta raɓe bango. Duk da haka ƙawarta Mubina, da ke unguwar Wangsa Maju, ta daina cin abincinta.

"Ke Rabi, for real, gida da kare? Ni fa ko ruwa ba zan sha ba. Ki nemi wani room mana."

Abin da Mubina ba ta sani ba, kuma Rabi ba ta cika faɗa ba, shi ne a cikin karnuka ta tashi. Babanta mafarauci ne a wani ƙauye a ƙasar Ningi. Ta sha ganin ya dawo daga daji an baje nama a ƙasa kan ganye, ana kasawa, karnukan da suka wuni suna gudu da yunwa suna kwance can gindin tsamiya, ko ɗaya bai matso ba. Ba don tsoron sanda ba ne. Kowane kare ya san yana da kaso, ya san a gindin tsamiyar nan za a kai masa, a kira sunansa. Wanda ya taso kafin a kira shi, shi ne na ƙarshe.

Washegari ta tarar da Anti Mei tana nata horon: ta naɗe jarida tana bugun kanta, tana ihu cikin harsuna uku. Bao kuwa ya ɗauka biki aka shirya masa, yana tsalle yana cafkar jaridar.

"Anti, ajiye jaridar nan," in ji Rabi. "Ba ni tsohon buhun shinkafa."

"Buhu? Za ki saka shi a ciki ne?"

"Kwanciya zai yi a kai."

Ta koma sama ta ɗauro wani tsohon zane da ta keɓe don wannan aiki kaɗai, saboda kada yawunsa ya taɓa kayan sallarta. Ta shimfiɗa buhun a bakin ƙofar baya, nesa da murhu. Ta ɗebi ƙananan busassun kifin nan da Anti ke zubawa a miya, ta tsaya kusa da buhun ta yi shiru. Bao ya yi tsalle, ta kau da kai. Ya yi haushi, ta dubi rufi. Ya zagaya ta ya sake zagayawa. Da dabara ta ƙare masa ya gaji, sai ya zube a kan buhun don kansa.

"Kwanta," in ji Rabi a hankali, ta ajiye masa kifi tsakanin ƙafafunsa.

Haka suka yi ta yi, safe kafin ta tafi jami'a, yamma in ta dawo. Ta share kantar tas, ko ɓawon albasa ba ta bari, don in ya hau ya sauko hannu banza. Sannu a hankali ta riƙa ja da baya daga buhun, har ta kai ga tsayawa a wajen murhu tana yanka nama, shi yana kwance yana haɗiyar yawu. Wata rana ya ci amanarta, ya sace mata rabin soyayyar ayaba, ta kwana tana jin haushinsa. Amma a hankali abin ya shige shi: sama babu komai, ƙasa kan buhu akwai rabo. Ya kai har da jin motsin wuƙa yake rugawa ya kwanta, ba sai an ce masa ba.

Sai dai wani abu ya ɗaure wa Rabi kai. Duk ranar da ta wuni a jami'a, in ta dawo sai ta tarar da shi ya koma gidan jiya, ga sawun ƙafafunsa a gefen kanta. Ran nan ta yi kamar ta fita, ta dawo ta zauna a matakalar bene inda take hango kicin.

Anti Mei tana yanka dafaffiyar kaza. Bao yana kan buhunsa, abin sha'awa. Can sai hannun tsohuwar ya ɗauki yanka ɗaya, ya miƙa gefen dama, sama, ba tare da ta ko juya ba. Bao ya tashi ya ɗora ƙafafu a kanta ya karɓa.

Ran Rabi ya ɓaci sosai. Ta sauko tana huci.

"Anti, ashe ke ce. Ni ina gyarawa, ke kina warwarewa. So kike a kai shi gona?"

Tsohuwar ta dubi hannunta kamar na wani ne.

"Nan yake tsayawa, lah," ta ce, ta nuna ƙarshen kantar. "Baban Leong. Tun muna amare. Ba ya taya ni komai, sai tsayuwa da surutu. Duk abin da na yanka, shi ke fara ɗanɗanawa ya ce gishiri ya yi yawa. Hannun ne yake tafiya, ba ni ba."

Rabi ta sunkuyar da kai. Ta ji kunyar ɗaga muryar da ta yi.

"Ba cewa na yi ki daina ba shi ba, Anti. Ki ba shi. Amma ki taka ki kai masa kan buhu, ki kira sunansa."

Horon kare ashe wasa ne in an kwatanta da horon tsohuwa. Bao ya gane da wuri, hannun Anti Mei kuwa ya ƙi. Rabi kan tsaya a bayanta, da ta ga kafaɗar dama ta motsa sai ta yi gyaran murya. Tsohuwar ta harare ta, ta ja ƙafarta mai bandeji ta nufi buhun tana gunaguni. Ta koyi cewa "kwanta", da wata irin murya da ko a Ningi ba wanda zai gane, amma Bao yana ganewa.

Ranar jajiberi gida ya cika tun la'asar. An rataye jajayen fitilu, an tara lemo, yara sai guje-guje suke. Anti ta sayo kaji daga mahaucin Musulmi, har da sabuwar tukunya, don Rabi ma ta ci. Da kajin suka nuna, Leong ya shigo kicin ya dubi Rabi.

"Na ji labarin aikinki, na gode. Amma ke wata rana gida za ki koma. Shi kuwa da Ma zai zauna. Ki ɗan fita."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi zafi. Rabi ta fita bayan gida wajen igiyar shanya, ta tsaya jikin taga tana leƙe.

Leong ya ɗauki kaza guda, tana turiri, ya ajiye ta a bakin kanta, daidai tsayin hancin kare. Bao ya shigo yana shinshina iska.

"Kwanta," in ji Anti Mei.

Ya je ya kwanta. Leong bai gamsu ba. Ya matso ƙarshen kantar ya tsaya, ya riƙa ƙwanƙwasa ta da yatsa, yana fito. Wannan kam zalunci ne, Rabi ta ciji leɓe. Duk jikin Bao rawa yake, yawu yana ɗiga kan buhu, gwiwoyinsa sun ɗan ɗago. Ya dubi kazar, ya dubi tsohuwar, ya mayar da haɓarsa ƙasa.

Anti Mei ta ɗauki wuƙa ta fara yanka. Sai Rabi ta ga abin da take tsoro: kafaɗar dama ta motsa. Ba halin gyaran murya daga waje. Hannun ya ɗauki yanka ɗaya, ya tafi gefe, ya yi sama. Kunnuwan Bao suka miƙe.

Amma yau akwai mutum a wurin. Naman ya tsaya daidai bakin Leong, wanda ke tsaye a ƙarshen kantar, inda mahaifinsa yake tsayawa. Uwa ta juyo, suka dubi juna. Babban mutum mai mota da ma'aikata ya buɗe baki kamar yaro ya karɓa. Ya tauna a hankali, idanunsa suka kaɗa.

"Gishiri ya ɗan yi yawa, Ma," ya ce.

Ta kai masa duka a kafaɗa da bayan hannu, tana dariya tana share ido. Duk wannan abin da ake yi, Bao yana nan kan buhunsa, ko taku ɗaya bai yi ba.

Sannan tsohuwar ta yanki tsoka mai kyau, ba ƙashi, ta taka da ƙafarta da ta warke har bakin ƙofa, ta durƙusa.

"Bao," ta kira, ta ajiye masa tsakanin ƙafafunsa.

Leong ya daɗe yana kallonsu. Ya leƙo ta taga ya ga Rabi ta rungume rigar wani da ke shanye, tana murmushi har kunne.

"Boleh lah," ya ce, wato ya yarda. "Bao ya zauna. Shigo mu makan, abinci na jira."

Rabi ta shigo tana jin kanta kamar wadda ta dawo daga farauta da babban nama. Da za ta wuce, ta ga Leong ya ciro mukullin motarsa daga aljihu ya rataye a ƙusar bayan ƙofa, ya koma ƙarshen kantar ya tsaya, yana jiran yanka na biyu.